Wa ya taɓa haɗa bakan roba na harbin kifi da hannunsa?

Na-Goronyo:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu su. Ina neman waɗanda suka taɓa haɗa abin harbin kifin nan da wasu ke kira bindigar kifi. Rani biyu ke nan ina fama da nawa a ƙasan dam ɗin Goronyo. Na farko da na yi, na kwaikwayi na masu nutso a teku da nake gani a waya: katako kamu biyu da rabi, roba biyu, rodi mai mili 6. Ƙarfi kam yana da shi, amma sau uku kacal ya ba ni kifi. Su can ruwansu garau yake, suna hango kifi daga nesa. Mu kuwa a Rima in ka miƙa hannu da ƙyar kake ganin yatsunka, sai bakin ƙarfen ya riga idona isa wurin kifin, ya taɓa shi ya gudu. Da na yanke shi ya koma kamu ɗaya da ɗan kai, na bar roba ɗaya, sai na fara samun karfasa da ragon ruwa a gindin duwatsu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya yanzu shi ne kifi na zamewa bayan na soke shi. Ya tafi da rauni ya mutu a banza, ni ban ci ba, wani bai ci ba. Ku taimaka da abin da kuka gani da idonku.

Mai Walda:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, matsalarka kunne ce, wato ɗan ƙugiyar nan ta kusa da tsini da ke hana ƙarfe fita daga jikin kifi. Na yi wa mutum fiye da goma irin wannan ƙarfe. Yawanci sukan goga kunne da magagari a jikin rodin, to wannan kunnen ƙarami ne, kuma naman karfasa taushi gare shi, tana fizga ɗaya ya yage. Abin da nake yi: in huda ƙarfen kamar yatsa uku daga tsini, in yanko ɗan falle mai tsawon gaɓar yatsa biyu, in ɗaura shi da ƙaramar ƙusa in bubbuge kanta. Lokacin shiga yana kwance a jikin ƙarfe, da kifi ya ja baya sai ya buɗe ya tokare. Kada ka matse ƙusar sosai, in ba ya motsi da kansa aikin banza ne.

Sannan rodin gini yana lanƙwashewa da ya daki dutse. Ka je wurin 'yan gwangwan ka nemi ƙarfen da ba ya tsatsa. Kafin ka biya, mirgina shi a kan tayil, in yana tsalle bar musu kayansu.

Baba Basarke:
Ɗana, Allah shi yi ma albarka da ka damu da kihin da ke mutuwa banza. Mu mun tashi munka iske iyayenmu da zago, mashin sukar kihi. Kan zago ba a kahe shi ga gora ba, sakawa akai. In ka soki babban kihi sai kan ya hita ya zauna cikin jikinai, igiya na riƙe da shi, shi ja har shi gaji. Ƙarhen da anka kahe, kihi na samun abin da zai murɗa da shi, shi ya sa rami ke buɗewa. Ku ɗauki wanga ku sa ga naku.

In kuma daga bisa jirgi kake suka, kihi ba nan yake inda idonka ya gane shi ba, ya hi nan zurhi. Auna ƙasa da shi. Yaro kan yi shekara kahin hannunai shi yarda da hakan.

Roƙona guda. Da damina bargi da yauni na yin sheƙa cikin ciyawa, suna tsaron 'ya'yansu, ba su gudu. Mai ƙarhe na iya ɗauke su cikin sauƙi, amma uwa guda da ka soka, ka kashe abin da garinku za shi ci baɗi. Kuma duk ruwan da ba naku ba, a gaida Sarkin Ruwa kahin a shiga.

Na-Goronyo:
Allah ya ƙara girma, Baba. In na fahimta, tsinin zan yi daban kamar hula, in ɗaure shi da siririyar igiya a jikin ƙarfen?

Baba Basarke:
Haka nan. Igiyar ta zan mai ƙwari, kar ta wuce taƙi guda.

Ɗan Kware:
Ni nawa darasin a kan roba ne. Tub ɗin babur na yanzu, baƙin nan, in ka ja shi yana miƙewa amma a hankali yake komawa, ƙarfe sai ya fita kamar an tura shi da hannu. Jan danƙon da yara ke sa wa gwafar harbin tsuntsu ya fi shi nesa ba kusa ba, sai dai ka ninka shi. Wanda ya fi duka shi ne robar nan mai rami, ruwan zuma, da ake ɗaure hannu da ita wajen ɗibar jini, ana samu a shagunan kayan asibiti. Amma ranar Sakkwato ba ta raga mata. Na bar tawa a kan jirgi a tafkin Kware cikin watan Afrilu, kwana huɗu ta tsattsage. Yanzu cire ta nake in ɗauraye, in sa a tukunyar ƙasa cikin ɗaki, nesa da fetur da baƙin mai.

Abban Hajara:
Ku yi haƙuri zan kawo mara daɗi, don har yau abin bai bar raina ba. Kunamar tamu, wato abin da ake dannawa ƙarfe ya fita, ƙusa ce muka lanƙwasa. Ƙanena ya ɗana robar a cikin jirgi don kada ya sha wahala a ruwa, jirgi ya ɗan girgiza, ƙusa ta zame. Ƙarfen ya shiga cinyarsa. A cikin ruwa abin nan ba ya wuce 'yan taku ya mutu, don ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800, a waje kuwa kibiya ce sosai. Allah ya sa wani dattijo ya hana mu zare shi, ya ce kunnen zai yago jijiya. Haka muka ɗaure muka kai shi asibiti da ƙarfen a jiki, aka yi masa aiki da allurar tetanus. Ya warke, amma yana ɗingishi in sanyi ya shigo. Tun ranar ba mai ɗana roba a jirgina sai ya shiga ruwa, ba mai fitowa sai ya sauke ta.

Ɗan Kware:
Subhanallahi. Allah ya ƙara masa lafiya, yaya. Ni ma an taɓa tsare ni a wani shinge kan hanya saboda na sassaƙa wa nawa gindi irin na bindiga. A halin da ake ciki ban ga laifinsu ba. Sai da mai unguwarmu ya zo. Yanzu sanda ce miƙaƙƙiya, ƙarfe daban, roba a aljihu.

Malamar Asibiti:
Mijina mai nutso ne, shi ya nuna mini zancen nan. Don Allah a daina jan numfashi da sauri-sauri kafin nutso. Yana kashe jin buƙatar iska ne kawai, mutum ya suma a ƙasa bai ji alamar komai ba. A riƙa shiga biyu, ɗaya na sama yana kallo. Wanda kuma ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa, tsargiya ce, daga ruwan nan ake ɗaukarta. Maganinta praziquantel, a awo nauyin mutum a ba shi.

Mai Walda:
Gaskiya ne, Malama. In ƙara ɗaya: kada kowa ya ɗaure igiyar ƙarfe a ƙugu ko a wuyan hannu. Giwan ruwa in ta girma tana kai nauyin mutum, wadda aka kama a Argungu a 2020 kilo 78 ce. A ɗaura igiyar a jikin gora ko jarka, ta ja su, ba kai ba.

Na-Goronyo:
Na gode ƙwarai. Wallahi a hannu nake ɗaure tawa, yau zan kwance ta. Mai Walda, ranar Lahadi ina shigowa Sakkwato da ƙarfe biyu, ɗaya ka sa masa falle, ɗaya mu gwada hular da Baba ya faɗa. Ruwa ya fara kwantawa, kafin sanyi ya yi tsanani zan gwada su duka a wuri ɗaya in dawo muku da labari.