Taƙaitawa: Musulmi da Koriyawa a fadar sarakunan Sin

Ga abin da aka tattara daga doguwar muhawarar da aka yi kan yadda Musulmi da Koriyawa suka shiga fadar sarakunan Sin da irin matsayin da suka samu:

1. Kusan kowa ya yarda cewa zamanin daular Yuwan ta Mongol, daga 1271 zuwa 1368, shi ne ya fi dacewa mai nazari ya fara da shi, domin a lokacin ne baƙi suka fi samun gindin zama a fada.

2. An amince cewa Musulmi sun shiga ta ƙofar mulki da ilimi: Sayyid Ajall ya mulki lardin Yunnan na kudu maso yammacin Sin daga 1274, Jamaluddin ya shugabanci ofishin nazarin taurari, Ahmad Fanakati kuma ya riƙe baitulmalin Kublai Khan, sarkin da ya kafa daular, har aka kashe shi a 1282.

3. Koriyawa kuwa galibi ta cikin gida suka shiga, a matsayin kuyangi da bābānni da masarautar Goryo ta Koriya ke aikowa, kuma daga cikinsu ne wata mai suna Gi ta zama uwargidan sarkin Yuwan a 1365.

4. An rabu kan ko wannan karramawa ce. Wasu sun kafa hujja da muƙaman, wasu kuwa (hujjarsu ta fi ƙarfi a ganina) sun tunatar cewa Kublai ɗin nan ya haramta yanka irin na Musulunci a 1280.