Waye ya san duwatsun Asir? Ina neman shawara

Ɗan Jidda:
Salam jama'a. Ijaza, wato hutu, ta kusa kuma zafin Jidda ya ishe mu, ina so in kai iyali kudu wajen Abha, amma ba yawon kasuwa nake so ba, ƙauyukan makiyaya na kan dutse nake son yara su gani da tsoffin wuraren tarihi. Kuma wai da gaske akwai hanyar da rundunar Abraha ta bi da giwaye har yanzu tana nan? Wanda ya sani ya taimaka don Allah.

Baba Direba:
Wa alaikumus salam ɗana. Hanyar tana nan wajen Zahran al-Janub kusa da iyakar Yaman, shimfiɗaɗɗun duwatsu ne aka jera a kan tudu, mutanen wurin Darbul Fil suke ce mata kuma haka kowane tsoho zai faɗa maka, amma masu bincike sun fi ɗaukarta hanyar fatake da alhazan Yaman, to ka gaya wa yara duka biyun kar ka ba su labarin baka a matsayin tabbas. Abin da ke rubuce shi ne na Muraigan wajen Taslis, rubutun Abraha ne a jikin dutse na kusan shekarar 552 miladiyya. In kana da hali ka ƙarasa Najran, ga kufan Ukhdud da ake dangantawa da Suratul Buruj, ga rijiyoyin Hima da zanen raƙuma da maharba a duwatsu, UNESCO ta sa Hima a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2021.

Hajiya Maman Yara:
Malam ni dai ƙauyen Rijal Alma zan ce maka, gidajen dutse hawa hawa an yi musu ado da fararen duwatsu, ciki kuma zanen Ƙatt ne wanda mata ke yi a bango da launuka, wallahi sai da ya tuna min jeren ɗakin amarya a gida. Amma kar ku tsaya a gidan tarihi kawai, ku gangara Tihama, yankin da ke ƙasan duwatsun, ranar kasuwa ku ga maza da rawanin furanni da raihani a ka sun koro awaki, ba don baƙi suke yi ba shigarsu ce haka. Da sanyi ya matsa a sama wasu gangarowa suke da dabbobinsu, zafi ya zo su koma. Ku ci hanizi, wato gasasshen nama, a hannunsu ku sayi zuma, kuma a nemi izini kafin hoto, musamman inda mata suke kiwo.

Baba Direba:
Na ƙara, dutsen Suda da ke kusa da Abha tsayinsa ya kai kusan mita 3,000, hazo na rufe hanya da yamma, ka duba birki kafin gangaren Tihama ka sauka da ƙaramar giya. Birai kuma ba su da kunya, a rufe gilashi.

Ɗan Jidda:
Na gode Baba, na gode Hajiya, Allah ya saka. Najran ɗin za a iya zuwa a dawo Abha a yini ɗaya ko sai mun kwana?