Ina son shiga sojojin ƙundumbala amma ƙwaurina na neman ba ni kunya

Autan Kofur: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, soja ne. Yana cikin waɗanda aka kai Laberiya a rundunar kiyaye zaman lafiya ta Yammacin Afirka, ECOMOG, a 1990, ya dawo da tabon harsashi a cinya da wata jakar goyo koriya da ta yi shekaru a rataye a ɗakin Inna. Mu bakwai ya bari, ni ne auta, kuma ni yake zaunarwa a tabarma ya ba ni labarin Monrobiya in an ɗauke wuta. Yayyena duk kasuwa suka bi. Babban yana da rumfar atamfa, ya ce in zo in zauna masa, har da alƙawarin babur. Inna kuwa ko kalmar soja ba ta son ji, ta ce ta yi zaman jiran miji, ba za ta yi na ɗa ba.

Shekarata 21. Na cike fom ɗin ɗaukar kurata, ina jiran tantancewa. Amma ni ba tsaron ƙofar bariki nake so ba, ƙundumbala nake so, irin waɗanda ake horarwa a Buni Yadi ta jihar Yobe, ko na ruwa da ake kira SBS. Wata biyu ke nan ina cika jakar Baba da yashi kilo 20, in yi gudun kilomita 10 a kan kwalta kullum bayan azahar don jiki ya saba da rana. Yanzu ƙwaurina na hagu ya soma ciwo. Me zan sha ya tafi? Kuma yaya zan yi nauyin ya kai kilo 30?

Tsohon Saje: Yaro, Allah Ya jiƙan mahaifinka. Saurara da kyau, don ni na sa kakin nan na cire. Ba wanda ke tashi daga ɗakin uwarsa ya faɗa Buni Yadi. Sai an ɗauke ka, ka yi wata shida a Daffo ta Zariya inda ake horar da kurata, ka fito kurtu, ka yi aiki a ga halinka, sannan a yi maganar kwas ɗin ƙundumbala. SBS kuma ta sojan ruwa ce, an kafa ta a 2006, fom ɗinsu daban ne. Wanne ka cike ma tukuna? Maganar ƙwauri kuwa ba komai ba ce, ƙashi ne ke ƙosawa. Duk mun yi shi. Ka gasa da ruwan zafi, ka shafa man zafi, gobe ka fita. Wanda ya tsaya don ƙwauri, da me zai tsaya in an ce ya kwana uku bai runtsa ba?

Nas Mai Dare: Baba Saje, da girmanku, a nan ban bi ku ba. Auta, ka sa yatsa ka bi ƙashin. In ciwon ya bazu a tsawon ƙwaurin, galibi gajiyar nama ce, hutu da rage gudu na warkar da shi. In kuwa wuri ɗaya ne tak da za ka iya nunawa, yana yi maka ko kana tafiya ko da dare, to ana tsoron tsagewar ƙashi, kuma wannan sai an yi sati shida zuwa takwas ba gudu. Hoton ƙashi ma sau da yawa ba ya nuna ta a sati biyun farko. Ka kuma faɗa mini launin fitsarinka bayan gudun. In ya taɓa komawa kamar baƙin shayi, ka tafi asibiti ranar, naman jiki ne ke narkewa yana toshe ƙoda. Kada ka sha maganin ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen kana cikin ƙishirwa. Ka san rukunin jininka? Mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila, ya fi shiga wannan haɗarin.

Autan Kofur: Na sojan ƙasa na cike, Baba. Anti Nas na gode, amma ba zan iya hutun wata biyu ba. Dokar ta ce shekara 18 zuwa 22 ga wanda ba shi da sana'a a hannu, in na rasa bana saura mini ƙiris. Tsayina ma da ƙyar ya haura mita 1.68 ɗin da suke nema, dole in fi kowa a gudu.

Ɗan Tasha: Kai dai ka yi hankali da 'yan damfara. Fom kyauta ne, amma wani ya karɓe mini dubu 150 wai yana da oga a sama. Na sayar da keken ɗinkin matata na ba shi. Ranar da sunaye suka fito layinsa a kashe. Har yau in an yi faɗa a gida sai ta tayar da keken nan, shekara huɗu.

Tsohon Saje: Su ma'aikatan asibiti komai a wurinsu hutu ne. A Amurka, masu neman shiga ƙundumbalar ruwa suna yin kwana biyar da rabi da barcin da bai wuce awa huɗu ba, gaba ɗaya. Nas ce ke bin su da ma'aunin zafi? Abin da ake gwadawa zuciya ce, yaro. Na ga ƙatti masu ƙirji kamar ƙofar gari suna kuka, na ga siririn Bafulatani ya wuce su da kaya a baya. Mu da muka yi, ga mu nan. Abin da ya karya ni ba daji ba ne, jeka-ka-dawo ne a kan haƙƙina bayan na ajiye aiki. An ce in kawo takarda, na kawo, an ce wadda na kawo ba ita ba ce.

Nas Mai Dare: Baba, ai a can akwai likitoci a tsaye a kansu. Kuma a watan Yulin 2013 sojoji uku suka mutu saboda zafi a tsaunukan Wales, wurin gwajin shiga SAS, rundunar ƙundumbala ta Birtaniya. Zafin can ko kusa da na azahar ɗinmu bai kai ba. Auta, har yanzu ba ka ce mini komai kan fitsarin ba. Ka mayar da gudun bayan asuba, a ƙasa mai laushi, ka ajiye yashin nan. Da kaya tafiya ake yi da sauri, kuma da kaɗan ake farawa.

Maman Biyu: Ni duk ba wannan ba. Innarka ta san ka cike fom ɗin? Ƙanena haka ya tafi a ɓoye, mahaifiyarmu a bakin maƙwabta ta ji. Yana nan da ransa, alhamdu lillahi, amma duk wayar da ta shigo da dare sai hawan jininta ya tashi, kuma ni ke kwana da ita a asibiti, matarsa ko leƙe. Ka nemi albarkarta kafin ka nemi kilo 30.

Autan Kofur: Yaya, zan faɗa mata in sunana ya fito, ba amfanin tayar mata da hankali yanzu. Tana ganina da jakar, ta ɗauka motsa jiki ne kawai. Gudun asuba kuma ba zai yiwu ba, ni ke ɗebo ruwan gida. Ni dai na san jikina.

Na Bakin Kogi: Ka ambaci SBS, ka iya iyo kuwa?

Autan Kofur: Zan koya. Akwai kududdufi a bayan unguwarmu in damina ta sauka.

Tsohon Saje: Ka ji namiji. Rabu da su, ɗana. Ka sayi takalmin soja a gwanjo ka fara gudu da shi tun yanzu, ƙafa ta yi kanta. In ciwon ya matsa ka je wurin mai ɗori.

Nas Mai Dare: Wuri ɗaya ne ko ya bazu? Tambaya ɗaya ce fa.

Autan Kofur: Wuri ɗaya ne, amma in na ɗaure shi da bandeji yana lafawa. Yau na rage zuwa kilomita 8. Baba Saje, takalmin, daidai ƙafa ake saye ko a ƙara lamba ɗaya saboda safa?