Girafin ɗina yana fitowa dabbare-dabbare a kan nikel, ina matsalar take?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum malamaina. Ina digiri na biyu a fannin fiziks nan Sakkwato, aikina shi ne tsirar da girafin, wato fallen kabon mai kaurin atam ɗaya, ta hanyar CVD, inda zafi ke tarwatsa iska mai ɗauke da kabon kamar mitan, kabon ɗin ya kwanta a kan ƙarfe. Muna da ƙaramin tanderu mai bututun kwaz. Nakan sa fallen nikel, in kai zafi digiri 1000, in saki iskar mitan da haidurojin na minti 20, in kashe in bar shi ya huce da kansa. Karo uku ke nan, in na duba a madubin ƙara girma sai in ga wani wuri baƙi ƙirin, wani wuri fayau. Ni kuwa girafin falle ɗaya nike so. Mi nike yi ba daidai ba?

Malam na Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Ɗalibi, hannunka bai da laifi, halin nikel ne. In ya yi zafi shanye kabon yake yi har cikin jikinsa, in ya fara hucewa ya amayo shi, kamar yadda sabuwar randa ke tsattsafo da ruwa, nan da yawa can kaɗan. Kai kuma ka bar shi yana hucewa a hankali, ka ba shi lokacin amayo duk abin da ya sha.

Koma wa jan ƙarfe. Shi kabon ba ya shigarsa sai ɗan abin da ba a rasa ba, a saman fuskarsa mitan ke tarwatsewa. Da falle ɗaya ya rufe fuskar, iskar ba ta sake samun ƙarfen, aikin sai ya kusan tsayawa da kansa. A 2009 mutanen Rodney Ruoff a Jami'ar Texas da ke Austin suka nuna haka da fallen jan ƙarfe mai kaurin maikuromita 25. Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin da suka yi na sakin mitan mai kabon-12 da mai kabon-13, wato kabon iri biyu masu bambancin nauyi, bi da bi: a nikel duka suka cakuɗe, a jan ƙarfe kuwa kowanne ya zauna da zobensa daban.

Yaya Arkilla:
Malam ya gama magana, sai dai ƙanena kada ka ɗauka jan ƙarfe laya ce. Fallen da ake sayarwa yana da tsatsa da zane-zanen injin murza, kuma kowane ƙarzo wurin tsiro ne. In tsiro ya yi yawa, sai ka samu ƙananan gonaki birjik, kowace da iyakarta, iyakokin nan kuwa su ke rage gudun lantarki. Wanke fallen jan ƙarfen da asid na asetik, ka gasa shi cikin haidurojin kamar rabin awa kafin ka buɗe mitan, kuma ka rage mitan ɗin sosai.

Lura da zafi ma. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1085, ma'aunin tanderu kuma ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Ni na taɓa buɗewa na tarar da dunƙulen ƙarfe kamar goro.

In ba ku da na'urar Raman, mai haska abu da leza ta zana tuddan da ke nuna tsarinsa, ɗora fallen a kan faranti mai zafin digiri 200 na 'yan mintoci. Inda babu girafin zai sauya launi, inda ya rufu zai ci gaba da ƙyalli. Wannan rufuwa kawai yake nunawa. Yawan fallen girafin sai Raman: in falle ɗaya ne, tudun da ake kira 2D wajen 2700 a ma'auninta ya zama siriri, tsayinsa ya ninka na tudun G da ke 1580.

Mai Gyaran Na'ura:
Nawa ba na ilimi ba ne. Kada ka fara ba janareta a kusa. In wuta ta ɗauke famfon zuƙe iska ya tsaya alhali haidurojin na kwarara, rufe haidurojin ɗin nan take ka kora shi da iskar agon wadda ba ta kama wuta. Bututun fitar hayaƙi kuma ya leƙa waje, ba cikin ɗaki ba.

Ɗan Mabera:
Allah shi saka da alheri. Yaya, fallen jan ƙarfen da ke akwai a ɗakin gwajinmu ya fi maikuromita 25 kauri nesa ba kusa ba. In fara da shi, ko in jira a aiko mini da siririn?