Laima ko kamfanin kai? Hirar 'yan kwangila a zauren Hausawan Birtaniya

Baban Hanif (Manchesta): Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar kwangila. Ƙarshen watan jiya na ajiye aikin dindindin, yanzu wata ejansi ta samo min kwangilar wata shida, aikin kwamfuta, fam 400 a rana. Matar da ke kula da ni a ejansin ta ce in zaɓi kamfanin laima daga jerin da za ta turo, wato kamfanin da zai ɗauke ni a matsayin ma'aikacinsa ya riƙa biyana albashi daga kuɗin kwangilar. Wani abokina kuma ya ce kar in yarda, in buɗe kamfanina limitid, kuɗin ya fi auki. Litinin ta sama suke so in fara, kaina ya ɗaure.

Maman Iman (Lids): Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri. Kafin a je ko'ina, wace biza ce a hannunka?

Baban Hanif: Na samu takardar zaman dindindin tun bara, alhamdu lillahi.

Maman Iman: To madalla, kai ba ka da matsala ta nan. Na tambaya ne saboda yaranmu da ke karantawa shiru. Mai bizar karatu ba shi da izinin yin sana'ar kansa ko kaɗan, ko da awa ɗaya ce. Mai bizar aiki kuma yana ɗaure da wanda ya ɗauki nauyinsa, aikin gefe ba ya wuce awa 20 a mako, shi ma da sharuɗɗa. Kar wani ya ji ana maganar fam 400 ya ruga ya yi rajistar kamfani ya jawo wa takardunsa.

Injiniya (Bamingham): Baban Hanif, tambayar da ya kamata ka yi wa matar nan ita ce: kwangilar tana cikin IR35 ko tana waje? IR35 ita ce dokar da ke duba ko ɗan kwangila a zahiri ma'aikaci ne a wajen biyan haraji. Amsar ita ce za ta zaɓa maka, ba abokinka ba. Dokar ta daɗe, tun shekarar 2000 take. Abin da ya canza shi ne wanda ke yanke hukunci. Da can kai da akantanka ne za ku duba ku ce a waje kake. Daga Afrilun 2017 aka mayar da hukuncin hannun ma'aikatun gwamnati, daga Afrilun 2021 kuma aka haɗa da manya da matsakaitan kamfanoni masu zaman kansu. Dole su ba ka takarda a rubuce, SDS ake ce mata, mai ɗauke da hukuncin da dalilinsa. In ta ce ciki kake, ko ka buɗe limitid za a cire maka haraji kamar ma'aikaci tun kafin kuɗin ya shigo asusun kamfanin. Ka ga ka ɗauki wahalar akanta a banza.

Baban Hanif: Me suke dubawa kafin su ce ciki ko waje?

Injiniya: Manya guda uku ne. Wa ke juya ka, wato wa ke faɗa maka lokacin zuwa da yadda za ka yi aikin. Sannan in ba ka da lafiya, za ka iya tura wani ƙwararre ya tsaya maka, ko lallai sai fuskarka. Sai kuma ko wajibi ne su ci gaba da ba ka aiki kai ma wajibi ne ka karɓa. In manaja na tsaye a kanka kamar sauran ma'aikata, sunan ɗan kwangila ba zai fisshe ka ba. Hukumar haraji, HMRC, na da manhajar gwaji a shafinsu, CEST, kyauta ce. In kuwa ƙaramin kamfani ne mai aikin, hukuncin yana nan a wuyanka kamar da.

Dakta (Landan): Mu da ke aikin cike gurbi a asibitocin gwamnati na NHS tun 2017 aka kora yawancinmu ƙarƙashin laima, don haka bari in nuna maka abin da za ka gani, kar ranar Juma'ar farko ka yi zaton an yi maka sata. Fam 400 ɗin nan ba albashinka ba ne, kuɗin da ejansi za ta biya laima ne. Kwana biyar, fam 2,000. Laima za ta fara cire ladanta, a ce fam 25 a mako. Sai inshorar ƙasa, wato kuɗin National Insurance da ake biyan gwamnati a kan albashi, ta ɓangaren mai ɗaukar aiki, wadda ta koma kashi 15 cikin ɗari tun Afrilun 2025. Sai harajin koyon sana'a, rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Abin da ya rage, wajen fam 1,720, shi ne albashinka na gaskiya, kuma a kansa ne za a cire harajin shiga da taka inshorar. In ba a taɓa fansho ba, abin da zai faɗo asusunka bai wuce fam 1,200 da 'yan kai ba.

Baban Hanif: Inna lillahi. Dakta, kusan fam 800 a mako ke nan fa.

Dakta: Haka nan ne, ɗan'uwa. Ni ranar da na fara ganin takardar albashina a mota na zauna a bakin asibiti ina lissafi da waya har shayina ya huce. Abin da ya fi cin rai shi ne inshorar mai ɗaukar aiki, wai kai ne ma'aikacin, kuma daga kuɗin aikinka take fita. Shi ya sa ba a kwatanta kuɗin rana na ciki da na waje kai tsaye. Ka nemi ejansi ta ba ka takardar KID, haƙƙinka ne tun 2020, a nan za ka ga duk abin da za a cire kafin ka sa hannu.

Ɗan Zariya (Kobantiri): Yayyena ku gafarce ni in sa baki. Akwai wata laima da ta turo min saƙo a LinkedIn, sun ce da su mutum zai tafi gida da kashi 85 cikin ɗari, kuma wai komai bisa doka. In turo lambarsu?

Alhaji (Gilasgo): Kar ka turo, yaro. Goge ta ma daga wayarka.

Alhaji: Ku bari in ba ku labarin da ban cika son bayarwa ba. Shekarun baya ina kwangila a harkar mai, wani abokin aiki ya haɗa ni da irin waɗannan. Suna biyana ɗan ƙaramin albashi a cire masa haraji, sauran kuma su turo daban da sunan bashi, bashin da kowa ya san ba za a taɓa biya ba. Shekara biyu ina jin daɗi, har ina yi wa masu biyan cikakken haraji kallon marasa wayo. Rannan na dawo daga masallaci na tarar da ambulan ruwan ƙasa a bakin ƙofa. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san ambulan ɗin HMRC. Na kira kamfanin, lambar ba ta shiga. An rufe shi, masu shi sun yi layar zana. A 2019 gwamnati ta ɗora haraji na musamman a kan irin waɗannan basussuka, ba ni kaɗai ba, mutane da yawa abin ya rutsa da su, har da ma'aikatan jinya. Filin da na saya a gida don in yi gini, shi na sayar na rage, ragowar na yi ta biya wata-wata. Tsalle ɗaya na yi na faɗa rijiyar, fitowar ce ta ci shekaru.

Ɗan Zariya: Subhanallah. Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Na goge.

Alhaji: Amin. Gane su ba wuya. Duk laimar gaskiya lissafinta ɗaya ne, don dokar haraji ɗaya ce, bambancinsu ladan mako ne kawai da iya mu'amala. In ka ga kuɗi ya shigo maka kashi biyu, ko abin da ke takardar albashi ya saɓa da abin da ya shiga banki, ruwa ba ya tsami banza. HMRC na wallafa sunayen waɗanda ta gano, a duba. Mu nan Sikotilan kuma matakan harajin shiga daban suke, lissafin Dakta na Ingila ne.

Injiniya: Allah ya kyauta. Amma kar a tsorata mutane da limitid gaba ɗaya, ni shekarata shida a kai kuma ban yi nadama ba. In kwangila a waje take, kamfanina ke karɓar kuɗin gaba ɗaya, in biya kaina ɗan albashi, kamfani ya biya harajin riba, kashi 19 in ribar ba ta wuce fam 50,000 ba, yana hawa har 25 a kan 250,000. Sauran in ɗiba a matsayin rabon riba lokacin da na ga dama, kuma babu inshorar ƙasa a kansa. Gaskiya dai garaɓasar ta ragu. Rabon ribar da ba a taɓawa ya koma fam 500 kacal, bayan shi a shekarar haraji ta 2025/26 kashi 8.75 ne, sai 33.75 in ka haura zuwa matakin haraji na gaba. Abin da na fi so shi ne in bar kuɗi a kamfani, watan da babu aiki in ci daga ciki.

Maman Iman: Injiniya faɗa masa ɗaya gefen ma. Ni nake riƙe wa maigidana takardun kamfaninsa, na san zafin. Akanta duk wata, inshorar kuskuren aiki, rahoton shekara ga hukumar rajistar kamfanoni, Companies House, harajin VAT in cinikin shekara ya haura fam 90,000, ga fom ɗin harajin kai kafin 31 ga Janairu. Babbar masifar kuma tamu ce mu Hausawa: waya daga gida. Bikin ƙanwa ya taso, sai mutum ya buɗe asusun kamfani ya tura. Kuɗin nan ba naka ba ne tukuna, na kamfani ne, kuma akwai rabon gwamnati a ciki. In ka ɗiba ba albashi ba, ba rabon riba ba, bashi ne ka ci. In wata tara da kwana ɗaya suka wuce bayan rufe shekarar kamfani ba ka mayar ba, kamfanin zai biya haraji a kai, wanda a shekarar 2025/26 kashi 33.75 ne, sai ka mayar sannan a nemi a dawo da shi. Mu asusu na biyu muka buɗe, duk kuɗin da ya shigo a ranar nake kwashe na haraji in kai can, katin ma a ƙasan akwati yake.

Injiniya: Hajiya ta faɗi gaskiya, ba ni da ta cewa.

Dakta: In laimar ce, abu biyu. Kuɗin hutu, kashi 12.07 ne, daga cikin kuɗinka ake ware shi. Wasu suna riƙewa sai ka nema, in ka manta shekara ta juya ka sha wahalar karɓa. Ka ce a riƙa haɗa maka shi duk mako. Sai fansho: za su sa ka kai tsaye, kana da wata ɗaya ka fita a dawo maka da abin da aka cire. Ni ban fita ba, tunda tsarin fanshon laimata Nest ne, na shiga na mayar da nawa asusun Shari'a. Ka tambaya ma ko suna yarda a zuba fansho tun kafin a lissafa albashi, yana rage inshorar nan mai cin rai.

Baban Hanif: Na dawo. Na kira matar, ta turo SDS, ciki ne. Na tambaye ta me ya sa sai daga jerinsu, ta ce daga Afrilun 2026 in laima ta ci kuɗin haraji ejansi za a kama, shi ya sa ba sa karɓar wadda ba su tantance ba. Uku na cikin jerin duk suna da shaidar FCSA, ƙungiyar da ke tantance kamfanonin laima. Na sa kowacce ta yi min lissafi, tazarar ba ta kai fam goma ba.

Alhaji: To ka ga alamar lafiya. Ɗauki wadda ke ɗaga waya in an kira.

Injiniya: Kuma tunda ciki ne, koma ka ce 400 ta yi kaɗan, nemi 450. Iyaka su ce a'a. Maganar limitid ka ajiye sai ka samu ta waje, rajistar ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu ba.

Baban Hanif: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura ɗaya: laimar ta ce in turo P45, takardar harajin da ake ba mutum in ya bar aiki, ta tsohon wurin aikina, na birkice gidan nan kaf ban gan ta ba. Ina zargin Hanif.

Maman Iman: Ba a sake bayar da ita, kar ka wahalar da kanka. Ce musu su ba ka fom ɗin sabon ma'aikaci ka cike yau ɗin nan, in ba haka ba su ɗora ka a lambar harajin da ba ta bar maka fam 12,570 ɗin da ba a cire wa haraji. In takardar albashin farko ta fito, duba sama ka ga ko 1257L aka rubuta, ita ce lambar da ke bar maka su. Sannan ka leƙa bayan kujera, a can na tsinci ta maigidana, an yi mata zanen mota.