Neman shawara: ina ake kai yaron da damuwa ta kama?

Assalamu alaikum. Ina zaune a Tawa, kuma ina riƙon ɗan yayana mai shekara 14 tun bayan rasuwar mahaifinsa bara. Yaron da a da shi ne mai surutun gidan, yanzu sai ya wuni a zaure yana kallon bango, ya daina zuwa lakkwal, in an matsa masa da magana kuma ya fasa abin da ke hannunsa. Shekaranjiya kwanon tuwo ya jefi ƙanwarsa da shi.

Mun yi rubutu da addu'a, mun kuma kai shi wani asibiti, inda aka ce jikinsa lafiya lau, aka ba shi maganin barci. Ni dai a ganina wanda zai zauna ya saurare shi yake buƙata.

An ce mini in kai shi sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa a Yamai, amma tafiyar ta wuce kilomita 500, kuma mahaifiyarsa tana tsoron a riƙa kiransa mahaukaci. Don Allah, akwai masanin halayyar yara a nan Tawa? In kuwa sai Yamai, sai da takardar likita ake karɓar yaro, kuma sau nawa ake komawa a wata?