Wayar Tesla: in jira ta ko in sayi wata?

Sadiq, Samaru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin manya. Wayata ta gaji, batirin ba ya kai azahar, gilashin ma ya tsage. Na tara 'yan kuɗi tun bayan babbar sallah, sai wani abokina a Kongo, nan Zariya, ya ce in dakata, wai wayar Tesla na nan tafe, wadda ake kira Pi. Wai da hasken rana take caji, kuma daga tauraron ɗan'adam take jawo intanet, ba ruwanta da layi. Na kalli bidiyonta ya fi goma. In jira ko in saya?

Malam Nura, mai gyaran waya a PZ: Wa alaikumus salam. Ƙanina, kada ka yi zaman jiran gawon shanu. Shekaru ke nan ana kawo mini hoton wayar nan a shago ana tambayar farashi, kuma kullum amsar da ke yawo ita ce "ƙarshen shekarar nan". Hotunan duk zanen kwamfuta ne. Tesla, kamfanin motocin lantarki, ba ta taɓa sanar da waya ba, shi kansa shugabanta Elon Musk ya faɗa da bakinsa cewa ba sa yi. Kawo taka in duba. In batiri da gilashi ne kawai, da sabon gini gara yaɓe.

Sadiq, Samaru: To Malam, in ƙarya ce, me ya hana ta mutuwa? Tun ina aji ɗaya nake jin ta.

Malam Aminu, Hanwa: Wannan tambayar ta fi ta farko muhimmanci, Sadiq. Ruwa ba ya tsami banza. Jita-jitar da ke daɗewa takan zama tana da ɗan ƙwayar gaskiya a cikinta. Starlink na Musk, mai ba da intanet ta tauraro, gaskiya ne, ya shigo Najeriya a farkon 2023. Waya mai magana da tauraro ma gaskiya ce, Apple ya sa wa iPhone 14 hanyar aika saƙon neman agaji ta tauraro a 2022. Sai mutum ya haɗa wannan da wancan, ya ce ai saura ƙiris. Amma ni abin da na fi lura da shi, ku dubi alkawarin da wayar nan ke yi mana: ba neman caji, ba sayen data. Su ne fa abubuwa biyun da suka fi ci mana tuwo a ƙwarya. Wanda ya kwana uku ba wuta, ya kai wayarsa wurin mai caji ya biya, in ka ce masa ga wayar da rana ke cika wa ciki, zuciyarsa za ta karɓa tun kafin hankalinsa ya auna. Shi ya sa ba na ganin laifin wanda ya yarda. Damuwarsa ce aka yi wa hoto aka nuna masa.

Maman Ilham, Tudun Wada: Wallahi haka ne, Malam. Ni da nake sayar da atamfa ta waya, kuɗin data kaɗai ya isa ya sa in so labarin ya zama gaskiya. Amma Sadiq, ɗana, sola ƙarama da fawa bank na saya, kuma sun fitar da ni kunya. Wannan kam ana samu yau a kasuwar Sabon Gari.

Injiniya Bashir, Kwangila: Ni zan ɗan kare 'yan jita-jita, don ina cikinsu. Akwai daɗi a ciki, kuma daɗin halas ne. Abin da ya riga ya fito ka san iyakarsa, ka san farashinsa, sau da yawa ma ka san ya fi ƙarfin aljihunka. Wanda bai fito ba kuwa na kowa ne. Ɗalibi da ɗan kasuwa duk ɗaya suke a majalisa, kowa na da damar ya ce ga yadda za ta kasance. Shekara goma muka yi muna hirar motar Apple a teburin mai shayi. Kuma fa ba ƙarya ba ce, aikin ya fara tun wajen 2014, da ma'aikata masu yawa a kansa. Sai a watan Fabrairun 2024 labari ya fito an rufe shi, ko taya ɗaya ba mu gani ba. Na ji ba daɗi ranar, kamar an tashi wata majalisa da na saba zuwa.

Malam Aminu, Hanwa: Misalin nan naka ya yi, Injiniya. Ke nan labari na iya zama gaskiya, kaya kuma su ƙi zuwa. AirPower ma fa, faifan cajin nan, Apple da kansa ya nuna shi a 2017, sannan ya janye a 2019.

Zainab, Gyallesu: Amma yayyena, wasu suna tabbata. An daɗe ana cewa iPhone zai koma cajar USB-C, mutane na musu, sai ga shi a iPhone 15 a 2023, bayan dokar Tarayyar Turai ta matsa. Nokia 3310 ma ta dawo a 2017. Irin waɗannan ne ke sa mutum ya ce ƙila wannan ma ta tabbata.

Alhaji Lawal, Ƙofar Doka: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Ni ban damu da hirar mota da waya ba, ku sha hirarku. Wadda nake tsoro ita ce mai tsorata jama'a. A 2004, waya ba ta daɗe da shigowa ba, aka baza cewa akwai lambar da in ka ɗauka za ka faɗi ka mutu. Na ga magidanta suna kallon waya na ƙara sun kasa taɓawa. A 2020 kuma aka ce 5G, sabuwar fasahar layin waya mai saurin intanet, ke kawo korona, alhali a lokacin ba a ma fara sayar da 5G a ƙasar nan ba, sai a 2022 MTN ya buɗe. Irin wannan in ta zo muku, kada ku tura wa kowa, ko da an rubuta "tura wa mutum goma".

Maman Ilham, Tudun Wada: Allah ya ƙara girma, Baba. Har da ta cewa WhatsApp zai fara karɓar kuɗi gobe.

Injiniya Bashir, Kwangila: Ita ma tana da tushe, Hajiya. Da can WhatsApp na karɓar kusan dala ɗaya a shekara a wasu ƙasashe, a 2016 ya daina. Tsohon zance ne ake ɗumamawa.

Sadiq, Samaru: Na gamsu. To wa zan riƙa bi in ina son labari mai tushe? Don gaskiya ina son hirar.

Injiniya Bashir, Kwangila: Kan Apple, Mark Gurman na Bloomberg da Ming-Chi Kuo, su ma sukan kuskure, amma da sunansu suke magana. Kan bayanin kowace waya, duba shafin intanet na GSMArena. Sannan ka riƙe lokuta: Apple yakan fito da iPhone a Satumba, Samsung yakan fito da jerin S a farkon shekara, akwai kuma babban baje kolin wayoyi na Basalona wajen Fabrairu ko Maris. In saura wata guda a yi ɗayan waɗannan, jira na da amfani, don ta bara takan sauko. Bidiyon da ba sunan mai magana, sai murya da kiɗa, kalla ka wuce.

Malam Nura, mai gyaran waya a PZ: Ƙari ɗaya mai muhimmanci. Duk shafin da ya ce ka biya kuɗin kafin alƙalami don a ajiye maka wayar Tesla, 'yan damfara ne. Wani yaro ya zo mini da hawaye kan haka, kuɗin makarantarsa ya tura. In kuma sayen za ka yi, nemi mai batiri 5000mAh, Tecno, Infinix, Redmi da Samsung duk suna da su, kuma kayan gyaransu ba sa wuya a garin nan. In ta hannu ce, danna *#06# ka ga lambar IMEI ta dace da ta kwali, ka karɓi rasit, kada ka saya a tsaye bakin titi.

Zainab, Gyallesu: Yaya Sadiq, ka duba ma'ajiyarta ma, kada ta gaza 128GB, takardun karatu da bidiyon lacca na cinye wuri.

Sadiq, Samaru: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam Nura, zan fara kawo tsohuwar ka duba. Asabar bayan la'asar kana shago?

Malam Nura, mai gyaran waya a PZ: Ina nan in sha Allahu. Ka kwashe hotunanka da lambobinka tukuna, ka taho da cajarka.